Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga marubutan Marvel da DC: ina labarin gandiroban da ya tsaya yana kallo?

Zuwa ga marubuta, masu zane da editocin Marvel da DC,

Gaisuwa da fatan alheri. Nasan ba Hausa kuke ji ba, kuma da wuya wannan takarda ta iso teburin wani daga cikinku, to amma tunda kayanku sun iso mana har gida, yaranmu na yawo da rigar Spider-Man, fina-finanku ana fassara su ana turawa a waya, komik ɗinku kuma masu data na sauke su suna karantawa, ai muma munada bakin magana. Maganar tawa akan gidan yari ce, da yanda kuke zana gandiroba mai jibgar fursuna, da kuma abun da kuke kira adalci in an zo shafin ƙarshe.

Ƙorafina guda ɗaya ne. Sama da shekara 80 kenan kuna zana duka a kurkuku, kuma kusan kullum mai dukan mutum ɗaya ne, mugu ɗaya mai jan ido da baƙar zuciya, in an naushe shi ko ya mutu shikenan an gama, gidan yarin na nan tsaye da ƙofofinsa da makullansa da sauran ma'aikatan da suka ga komai basu ce uffan ba, gobe jarumi zai sake kamo wani ya kawo musu. Wannan tsarin ne nake so mu yi magana akai don wallahi ya ishe ni.

Abun mamaki ba haka kuka faro ba. Superman da Jerry Siegel da Joe Shuster suka ƙirƙira, a fitowarsa ta farko cikin Action Comics a 1938, aikin da ya fara yi shine fasa gidan gwamna da tsakar dare don ya hana a kashe wata mata a kujerar lantarki akan laifin da bata aikata ba. A fitowa ta 10 kuma, 1939, da gangan ya sa aka kama shi aka kai shi sansanin fursunoni masu aikin ƙarfi da sarƙa a ƙafa a wani gari Coreytown, inda shugaban wajen mai suna Wyman ke zane mutane da bulala yana kulle su a akwatin zafi. Ya ɗau hotuna, ya nemi hujja, ya ɗauko gwamna ya kawo shi ya ji da kunnensa. To ko a nan ma sai da ya jefa Wyman cikin akwatin nan kafin ya amsa laifi, wato an azabtar da mai azabtarwa, amma dai aƙalla wannan Superman ɗin yasan cewa sarƙar da bulalar na hukuma ne kuma hukuma ya kamata a tuhuma. Samari biyu ne daga Cleveland, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa can, suka rubuta wannan, a lokacin da sansanonin sarƙa na kudancin Amurka ke cike da mutane.

Sai 1954 ta zo. Wani likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fito da littafi yana cewa komik ke lalata yara, majalisar dattawan Amurka ta zauna akai, kamfanoninku suka tsorata suka kafa wa kansu dokar tace komik. Cikin dokar akwai cewa ba'a yarda a nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta yanda zai zubar da ƙimar hukuma ba, kuma dole a kowane labari nagari ya yi nasara mai laifi ya sha hukunci. A 1971 aka sassauta, aka ce to za'a iya nuna jami'i yana aikata laifi amma da sharaɗi, a nuna cewa shi kaɗai ne ya fita zakka kuma ya fuskanci hukunci. Kun ga inda mugun gandiroba guda ɗaya ya samo asali kenan, a rubuce yake, sharaɗi ne aka gindaya muku. Marvel ta fice daga wannan doka a 2001, DC ta fice a 2011, dokar ta mutu murus, amma alƙalaminku har yau bin ta yake kamar hukumar tacewar na nan zaune tana jiran a kawo mata shafi.

Bari in tsaya akan Luke Cage don shine ya fi cina rai, kuma shine na fi so a duk jarumanku, shi yasa ma abun ke min ciwo. Ya fito a 1972, Archie Goodwin ya rubuta, George Tuska ya zana, da hannun Roy Thomas da John Romita babba a ƙirƙirarsa, kuma shine baƙar fata na farko da Marvel ta ba littafi da sunansa. Sunansa na gaskiya Carl Lucas, ɗan unguwar Harlem, abokinsa Willis Stryker ya ɓoye masa hodar iblis a ɗaki saboda kishin mace, aka kama shi aka tura shi kurkukun Seagate can kudu. A can ya haɗu da kyaftin ɗin gandirobobi Billy Bob Rackham, mai ƙin baƙar fata a fili, wanda ke sa a shiga sel a lakaɗa masa duka. Daga baya Lucas ya yarda wani likita Noah Burstein ya yi gwaji a jikinsa don ya samu sassauci, Rackham ya lallaɓa ya murɗa injin don ya kashe shi, maimakon ya mutu sai fatarsa ta koma kamar ƙarfe, ya fasa bango ya gudu.

Yanzu ku tuna me ya faru ƙasa da shekara ɗaya kafin wannan littafi ya fito, kuma a jihar da ofisoshinku suke a lokacin. Ranar 9 ga Satumba 1971 fursunoni sama da dubu a kurkukun Attica na jihar Niyok suka yi bore suka kama ma'aikata suka riƙe, kuma cikin abubuwan da suke kuka akai harda wanka sau ɗaya a sati da takardar bayi ƙunshi ɗaya a wata, da duka, da gandirobobi farare zalla akan fursunonin da galibinsu baƙaƙe ne da 'yan asalin Puerto Rico. Ranar 13 ga wata gwamna Nelson Rockefeller, wanda ya ƙi zuwa wajen duk da roƙon da aka yi masa, ya amince a shiga da ƙarfi. Aka watsa hayaƙi mai sa hawaye aka buɗe wuta, cikin 'yan mintuna mutum 39 suka mutu, fursunoni 29 da mutum 10 cikin waɗanda aka yi garkuwa da su. Hukuma ta fito ta ce fursunoni ne suka yi wa ma'aikatan yankan rago, jaridu suka buga, sai likitan da ya duba gawarwakin, John Edland, ya ce ƙarya ne, harsashi ne ya kashe su, kuma fursunonin basu da bindiga ko ɗaya. Bayan an karɓe gidan aka tuɓe mutane tsirara aka sa su gudu tsakanin layi biyu na masu kulki ana dukansu, wani mai suna Frank Smith aka kwantar da shi akan tebur tsirara na awanni da ƙwallo a ƙarƙashin haɓarsa, aka ce masa in ta faɗi za'a kashe shi. An gurfanar da fursunoni sama da 60. A ɓangaren masu kaki kuwa ɗan sanda ɗaya tak aka tuhuma, shi ma aka yi watsi da tuhumar. Sai a shekarar 2000, kusan shekara 29 bayan abun, jihar ta yarda ta biya fursunonin da iyalansu dala miliyan 8.

To ku faɗa min, a Attica wanene Rackham? Gwamna ne, ko kwamishinan gidajen yari, ko wanda ya raba bindigogi, ko mai magana da yawun da ya shara wa 'yan jarida ƙarya, ko masu gabatar da ƙara da suka ga hujja suka kau da kai? Ba mutum ɗaya bane, kuma ba mahaukata bane, mutane ne masu albashi da fansho da iyali waɗanda suka koma gida suka ci abincin dare. Ku kuma da kuka zo bada labarin sai kuka tattara duk wannan kuka ɗura a cikin mutum ɗaya mai ƙaton ciki, kuka kawo sabon shugaban gidan yari mai kirki ya rage masa muƙami. Abun da ya fi bani dariya mai ciwo, shi wannan shugaban mai kirkin da ya tarar ana dukan Lucas, adalcin da ya yi shine ya kori wani gandiroban da ya yi dukan sannan ya kulle shi a sel ɗaya da Lucas na ɗan lokaci don ya rama. Mai karatu ya ji daɗi, nima na ji daɗi lokacin da na karanta bazan ɓoye ba, ramuwar gayya ai ta fi gayya zafi, amma fa ko ɗan gyaran naku da ya tashi gyara dukan ya sake bada izini, kawai dai ya canja wanda za'a daka. Shi kuma Rackham daga ƙarshe ba kotu ya gani ba, mota ce ta banke shi a titi. A shirin Netflix na 2016 ma haka, ya mutu ne a fashewar injin gwajin. Ba shari'a, ba shaida, ba wanda ya tambayi su waye suka rinƙa sa hannu a takardun ƙarin girmansa duk shekarun nan.

Gwajin da aka yi a jikin Lucas ɗin ma ba ƙirƙira bace zalla. A kurkukun Holmesburg na Filadelfiya, daga 1951 har 1974, wani likitan fata Albert Kligman na gwada sinadarai da magunguna a fatar fursunoni, galibinsu baƙaƙe, ana basu 'yan daloli, kamfanoni da sojoji na biyan kuɗin binciken. Wato lokacin da littafin Luke Cage ke kan kanta ana sayarwa, ana kan yi. Su fatarsu bata koma ƙarfe ba, tabo da ciwo suka fita da shi, kuma birnin bai nemi afuwa ba sai 2022.

In an duba ɓangaren DC ma kanwar ja ce. Lyle Bolton, wanda ake kira Lock-Up, ya fara fitowa a katun ɗin Batman na talabijin a 1994, shugaban tsaro ne a Arkham, asibitin masu taɓin hankali na birnin Batman, da ke ɗaure marasa lafiya yana razana su har Scarecrow da kansa, mutumin da sana'arsa tsoratarwa ce, ya gudu don tsoronsa. Wannan labarin na yaba masa a wani wajen, don an yi zaman bincike, an kira waɗanda aka zalunta sun zauna suna rawar jiki sun kasa magana a gabansa, wannan gaskiya ne haka abun yake. Amma daga an kore shi sai ya ɗinka kaya ya rufe fuska ya koma bos, Batman ya naushe shi, aka kulle shi a Arkham ɗin. Kuma gidauniyar Wayne, wato ta Batman ɗin kansa, ce fa ta kawo shi aikin tun farko. Gregory Wolfe na kurkukun Iron Heights a labaran Flash, wanda Geoff Johns ya kawo a 2001, shi ma haka, mugun shugaba mai ɓoyayyen ƙarfi na sihiri-sihiri, kamar dai mutum bazai iya zaluntar wanda ke kulle ba sai yanada wata baiwa. Bane kuwa, 1993, an haife shi a kurkukun Peña Duro yana zaman hukuncin ubansa tun yana jariri, aka jefa shi ramin kaɗaici yana yaro, aka yi gwajin ƙwaya a jikinsa, da ya tashi guduwa ya jefa shugaban gidan cikin teku kifaye suka cinye. Wannan yaron da Lucas labarinsu kusan ɗaya ne, ɗaya kun yi shi jarumi ɗaya kun yi shi dodo mai karya bayan Batman, kuma kun kai kurkukun nasa wata ƙasar ƙirƙira a yankin Karibiyan don kar abun ya yi kama da gida.

Shi Batman ɗin ma inada tambaya akansa. Tun 1939 yake kamo mutane, ya karya musu haƙarƙari da hannu, ya ɗaure su a jikin fitilar titi ya tafi, kuma kuna ta nanata mana cewa shi baya kisa saboda haka ya fi Punisher. Na yarda baya kisa. Amma mutumin da ya fi kowa kuɗi a Gotham, wanda ya san ana azabtar da mutane a Arkham da kurkukun Blackgate, ya san likitocin wajen rabinsu sun fi marasa lafiyar hauka, ya san wanda ya shiga yana fitowa ya fi da muni, kuma kullum can yake mayar da su, wannan wane irin tsarkin hannu ne? Arkham tun 1974 take a labaranku, asibitin masu taɓin hankali ce a suna, amma kun maida ta gidan dodanni ta yanda mai karatu in ya ga an shaƙe mara lafiya ko an sa masa lantarki bazai ji komai ba tunda ai Joker ne ko ɗan uwan Joker. A duniyar gaske kuwa mai taɓin hankali a kurkuku ba Joker bane, Darren Rainey ne, wanda a 2012 gandirobobi a wani kurkukun jihar Fulorida suka kulle shi a banɗakin wanka na kusan awa biyu aka fito da gawarsa, fursunonin da ke kusa suka ce ruwan zafi aka sakar masa yana ihu, kuma a 2017 mai gabatar da ƙara ta ce ba wanda za'a tuhuma.

Sai Punisher. Gerry Conway ya kawo shi a 1974 cikin littafin Spider-Man a matsayin abokin gaba, tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙin Biyetnam, Frank Castle, da 'yan daba suka kashe masa mata da 'ya'ya a filin shaƙatawa na Central Park, shari'a ta gaza, ya ɗau bindiga. Ba'a yi shi don a so shi ba, amma da kuka ga yana kawo kuɗi sai kuka bashi littattafai har uku a lokaci ɗaya a farkon shekarun 1990, kuka zana kisan nasa da kyau da salo, kuka tabbatar duk wanda ya harba mai laifi ne tabbas don marubuci ya riga ya nuna mana. Nan ne ha'incin yake. Frank baya kuskure saboda ku ne kuke riƙe da alƙalami, shi kuwa ɗan sanda ko gandiroban da ya manna tambarin Punisher mai hoton ƙoƙon kai a motarsa ko a rigarsa ba marubucin da ke tace masa wanda zai daka. Sojojin Amurka sun yi yawo da tambarin a Iraƙi, a 2017 'yan sandan wani ƙaramin gari Catlettsburg a jihar Kentaki suka buga shi a jikin motocin aiki sai da mutane suka yi ca sannan aka cire, Conway da kansa ya fito ya ce abun ya dame shi, mai kaki ya ɗau tambarin mai karya doka. A 2019 Matthew Rosenberg ya rubuta wani shafi inda Frank ya yage sitikar daga motar 'yan sanda ya ce musu in abun koyi suke nema su je wajen Captain America. Shafi ne mai kyau. A 2022 kuma kuka canja tambarin kuka sa masa ƙaho. Amma shafi ɗaya da sabon zane basa goge shekara kusan 50 na koya wa mutane cewa lauya da alƙali da beli duk ɓata lokaci ne, namiji shine wanda ya gama da mai laifi a wajen.

Mu nan a tarbiyyar da muka taso ba'a ce ramuwa haramun bace, ƙisasi na nan a shari'a, wanda aka kashe wa ɗan uwa yanada haƙƙi. Amma ba shi zai ɗau wuƙa ya fita nema ba, sai an je gaban alƙali, an kawo shaidu, an tabbatar, sannan a bashi zaɓi ko a kashe ko ya karɓi diyya ko ya yafe, kuma hukuma ce ke zartarwa. Abun da labaranku ke tsallakewa kenan, wannan tsakiyar mai gajiyarwa inda ake tambaya shin ma shine ya aikata? Kuma mun san farashin tsallake ta, don a watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida aka tare aka kashe aka ƙona, waɗanda suka yi kuma a ransu su ne jaruman labarin, sun kama masu garkuwa da mutane. Ban ce komik ne ya sa su ba, ƙila ma basu taɓa buɗe ko ɗaya ba, amma tunanin ɗaya ne, kuma ku ne kuka fi kowa iya yi masa kwalliya ku sayar wa duniya.

Kar ku ce ban ga inda kuka yi ƙoƙari ba. A Civil War na Mark Millar, 2006 zuwa 2007, su Tony Stark da Reed Richards sun gina kurkuku a wata duniya daban inda doka bata kaiwa, ana tsare mutum ba shari'a ba ranar fita, kowa ya gane Guantanamo ake nufi, kuma ganin wajen ne ya sa Spider-Man ya juya musu baya. A 2003 Robert Morales da Kyle Baker sun bada labarin Isaiah Bradley, baƙin soja da aka yi gwaji a jikinsa, ya yi wa ƙasa aiki aka saka masa da shekara 17 a kurkuku, kuma a wannan labarin ba mugu ɗaya bane, gwamnati ce sukutum. Suicide Squad na John Ostrander tun 1987 ya nuna yanda hukuma ke ɗaukar fursuna a matsayin kayan aiki da za'a iya yarwa, duk da dai yanzu kun maida bam ɗin da ake dasa musu abun barkwanci, kan mutum ya tarwatse a sinima ana tafi. Chip Zdarsky kuma ya sa Daredevil ya kashe wani ɓarawo bisa kuskure, ya amsa laifi, ya shiga kurkuku da ƙafarsa, har labarin ya nuna masa cewa shi fa zaɓa ya yi, lauya ne fari mai ƙarfi da abokai a waje, sauran da ke ciki ba wanda ya tambaye su. Irin wannan nake nema, kuma kun nuna kun iya, shi yasa bazan karɓi uzurin cewa komik ne kawai na yara ba.

Ga abun da har yau ban gani ba. Kurkukun Ryker's da kuke yawan kai su Daredevil da Punisher, kowa ya san Rikers ta birnin Niyok ce kuka canja wa harafi. To a Rikers ta gaske a 2010 aka kai wani yaro ɗan shekara 16, Kalief Browder, akan zargin satar jakar goyo, belin dala 3,000 iyalinsa suka kasa biya, ya yi kusan shekara uku a ciki, kusan biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici, ba'a taɓa yanke masa hukunci ba, ana ta ɗaga ƙara har aka yi watsi da ita a 2013. Akwai bidiyon da ya fito ana ganin gandiroba ya maka shi da ƙasa hannunsa cikin ankwa. A 2015 ya kashe kansa a gidan iyayensa. Ba wani uban 'yan daba irin Kingpin a labarin nan, ba wani mai dariyar mugunta, ɗaga ƙara ne kawai da takardu da kuɗin belin da babu. Ku zana wannan mana. Ku zana fom ɗin ƙorafi da fursuna zai cike ya miƙa wa abokin wanda ya dake shi, tunda dokar da aka yi a 1996 ta ce sai ya gama bin duk matakan ƙorafi na cikin gida kafin kotun tarayya ta saurare shi, in ya makara da kwana kaɗan ƙarar ta mutu. Ku zana rahoton da ake rubutawa bayan duka, inda mutum biyar ke rubuta jimla iri ɗaya cewa shi ya fara kawo hari.

Sannan ku zana mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa. A watan Disamba 2024 a kurkukun Marcy na jihar Niyok, gandirobobi suka yi wa Robert Brooks duka a ɗakin duba marasa lafiya hannunsa ɗaure ta baya, washegari ya mutu. Kyamarorin da ke jikinsu suka ɗauka ba tare da sun ankara ba, ba sauti, babbar lauyar jihar Letitia James ta saki bidiyon, gwamna ta bada umarnin korar ma'aikata sama da goma, aka tuhumi wasu da kisa, wasu suka amsa laifi. Wanda duk ya kalli bidiyon nan abun da zai tsaya masa a rai ba masu naushin bane kaɗai, waɗanda ke tsaye ne a gefe suna kallo hankali kwance kamar ana canja tayar mota, ba wanda ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Wannan mutumin na gefe shi nake so ku bani labarinsa, mai bashin gida da yara a makaranta, a garin da kurkuku ne kaɗai ke ɗaukar aiki, wanda ya san in ya yi magana gobe in fursunoni suka taso masa ba abokin aikin da zai kawo ɗauki, ya san ƙungiyarsu zata juya masa baya, kuma duk da haka wata rana ya buɗe baki ko ya kasa. Kunada marubutan da suka iya rubuta tsoro da kunya, kun yi wa Peter Parker, wato Spider-Man, shekara 60 yana cizon yatsa akan ɓarawo ɗaya da ya bari ya wuce, to ga wani wanda ke barin abu ya wuce kullum a wajen aiki.

Kuma don Allah ku daina sa jarumi yana yi wa wanda ya kama barazana da abun da za'a yi masa a kurkuku, ko ana raha da fyaɗe a gidan yari kamar wani ɓangare ne na hukuncin. Ƙasarku na tsare da mutum kusan miliyan biyu, cikin masu sayen littattafanku akwai 'ya'yansu da ƙannensu, akwai kuma irin namu nan Najeriya inda mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke ba'a ma yanke musu komai ba, an canja wa hukumar suna a 2019 amma cunkoson na nan. Yaron da babansa ke ciki in ya buɗe komik ya ga Batman na murmushi akan abun da ke jiran mutum a Blackgate, me kuke so ya ɗauka?

Ban ce ku daina faɗa da naushi ba, nima don su nake karantawa, in Luke Cage bai fasa bango ba ai a dawo min da kuɗina. Cewa nayi in ya fasa ya fita, ku bar kyamara a ciki na shafi biyu ko uku mu ga abun da ya samu waɗanda basu da fatar ƙarfe a daren da aka gano ya gudu, su wa aka tuɓe, su wa aka hana ziyara, wa aka kai ɗakin kaɗaici don ya faɗi abun da bai sani ba. Kuma sau ɗaya dai, ko don gwaji, ku bar Rackham da rai. Ku sa Matt Murdock, wato Daredevil, ko Jennifer Walters, wato She-Hulk, tunda duk lauyoyi ne kuma ku kuka basu takardar, su maka shi a kotu shi da shugabansa da likitan da ya sa hannu a rahoton ƙarya, a kira shaidu, a ɗaga ƙara sau goma, wani shaida ya janye don tsoro, lauyan gwamnati ya ce jami'i nada kariya, a yi ta ja har fitowa goma sha biyu, in ma ƙarshe sun sha da ƙyar ko an biya diyya ba wanda aka ɗaure to ku rubuta hakan, zan saya.

Naku,
wani mai karanta ku daga Kano